Da 'Yar Gari Akan Ci Gari

Yau ina so mu yi magana a kan baƙunta a wurin aiki, watau halin da mace kan shiga ran da ta fara zuwa ofis, ko asibiti, ko makaranta, tana sabuwar ma'aikaciya.

Abin da ya ta da zancen shi ne, kwanan baya wata jikata ta sami aiki a wani ofis a birni. Da ta komo gida ran farko na tambaye ta yadda ta iske wurin. Ta ce, "Kaka, ai ban sha wuya ba. Ina isa aka haɗa ni da wata da ta riga ni shekara uku a wurin, aka ce mini duk abin da ya shige mini duhu ita zan tambaya har wata uku. Ita ta zaga da ni ofis ofis, ta nuna mini inda ake salla, har abincin rana tare muka ci." Na yi shiru ina dubanta, har ta ce ko lafiya. Na ce lafiya lau, wata tsohuwar rana na tuna.

Ni dai malamar firamare ce, na yi shekara 35 ina riƙe da alli, daga 1976 zuwa 2011. Waɗanda suka manyanta cikinku za su tuna cewa a watan Satumba na 1976 ne gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin nan na ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda ake kira UPE. Yaran da suka zo sun fi waɗanda aka yi shiri dominsu yawa nesa ba kusa ba. Azuzuwa ba su isa ba, malamai ba su isa ba, saboda haka duk wadda ta fito daga kwalejin horon malamai, kafin tawadar takardarta ta bushe an tura ta aiki. Ni ma haka aka yi mini. Ina da shekara 19 aka tura ni wani ƙauye da ban taɓa takawa ba, aka sauke ni gidan wata dattijuwa, kashegari aka ce ga ajinki nan.

Ajin nan nawa rumfar zana ce a gindin wata bishiyar maina, da allo an jingina shi da kujera. Yara 87 ke zaune a ƙasa suna kallona. Hedimasta mutumin kirki ne, amma sa'an mahaifina ne, ga shi kuma aiki ya sha kansa. Ya miƙo mini rajista da kwalin alli ya ce, "Malama, Allah ya taimaka," ya juya. Iyakar gabatarwar da aka yi mini ke nan.

To, a kwaleji an koya mana yadda ake shirya darasi, an koya mana lissafi da Turanci da halayen yara. Amma ba wanda ya gaya mini cewa ran kasuwar garin rabin aji ba ya zuwa, ko cewa in girbin gero ya kama yara maza sai su ɗauke ƙafa. Ita kanta rajistar, na san ana kiran suna safe da rana, amma da na zo haɗa jimlar mako sai lissafin ya ƙi fita. Na goge, na sake rubutawa, har takardar ta huje. Mako uku ina ɓoye rajistar nan cikin akwatina kamar kayan sata. Kunya ta hana ni zuwa wurin hedimasta, gama ina ganin zai ce wannan wace irin malama ce aka aiko mana wadda ba ta iya ko tara lamba ba. Ku kun san mu da kunya, balle yarinya a gaban babban namiji. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa, to, haka na kwana mako uku.

Wannan duk mai sauƙi ne bisa ga abin da ya biyo baya. Akwai wata yarinya a ajina, kullum sai an yi darasi guda sa'an nan ta shigo. Na yi mata faɗa sau biyu, ran na uku na sa mata bulala a gaban yara. Kashegari ba ta zo ba. Kafin mako ya zagayo 'yammata bakwai sun bi sahunta, dukansu 'yan unguwa ɗaya. A lokacin nan kuwa da ƙyar da lallashi mai gari ya shawo kan iyaye suka ba da 'ya'ya mata. Na ga abin da aka yi wata da watanni ana ginawa na rushe shi da tsumagiya guda. Daren nan na ɗaure kayana, na ƙudura ran Juma'a in hau motar kasuwa in koma gidanmu, aikin malanta kuwa na yafe.

Akwai malama guda ɗaya tak ban da ni a makarantar, 'yar garin ce, ta girme ni da kamar shekara goma sha biyu. Yaya nake ce mata, har yau kuwa da ta daɗe da rasuwa da wannan suna nake yi mata addu'a. Ran Alhamis da aka tashi ta iske ni a rumfa ni kaɗai, ta zauna a kan tabarma kusa da ni, ta ce, "Ƙanwata, kawo rajistar nan in gani." Ban san yadda aka yi ta sani ba. Na fiddo ta ina rawar jiki. Ta duba, ta yi 'yar dariya, ta ce ita ma shekararta ta fari haka ta yi, har tata ta fi wannan muni. Cikin abin da bai kai rabin sa'a ba ta nuna mini inda nake kuskure, ashe yaran da suka zo da safe ba su komo da rana ba su ne nake ƙirgawa sau biyu.

Sa'an nan ta ce, "Kin san dalilin da ya sa yarinyar nan ke makara?" Na ce a'a. Ta ce uwarta tana cikin kulle, mahaifinta kuwa ya yi shekara yana kwance, da kuɗin ƙosan da yarinyar ke talla da safe ake cefanen gidan. Sai ta sayar da na ƙarshe take rugowa makaranta, ko karyawa ba ta yi ba. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan magariba Yaya ta zo ta ɗauke ni, ta sa na yafa babban mayafi, muka shiga gidan. A hanya ta gaya mini in durƙusa in gai da kakar yarinyar tukuna kafin uwar, kada kuma in fara da maganar makaranta, in fara da duba mai jiki. Haka na yi. Na ba da haƙuri, Yaya ta sa baki, aka yi raha, aka kawo mana fura. Muka daidaita a kan yarinyar ta riƙa zuwa in ta gama talla, ni kuma in maimaita mata darasin farko lokacin tara. Ran Litinin ta dawo, sauran bakwai ɗin ma suka dawo. Yarinyar nan ta gama firamare, ta wuce gaba, daga baya ita ce ta zama ma'aikaciyar lafiya ta farko 'yar garin. Da na hau motar Juma'ar nan, Allah kaɗai ya san inda labarinta da nawa za su tsaya.

Tun daga ranar, kowace Alhamis in an tashi sai mu zauna ni da Yaya. Ita ta nuna mini yadda mai duba makarantu ke son a rubuta shirin darasi, da ranar da ake zuwa karɓar albashi, da irin tufafin da mutanen garin ba sa so su ga malama da su, da gidajen da ya wajaba in shiga gaisuwa in an yi haihuwa ko rasuwa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu shi a littafin kwaleji. Gaskiyar masu iya magana, baƙo ko da ido makaho ne, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Amma ku lura da abu guda, 'yan'uwa. Ba wanda ya ce wa Yaya ta kula da ni. Halinta ne na kirki ya kawo ta, kuma sai da na yi mako huɗu cikin wahala, har na yi ɓarna, sa'an nan ta zo. Watau sa'a na taka. Ita kuwa sa'a ba kowa ke taka ta ba, ga kuma shaida daga laifin kaina.

A shekarar 1988 ina koyarwa a wata babbar makaranta a cikin gari, mu malamai mun fi talatin. Aka kawo mana wata sabuwar malama, yarinya shiru shiru. Nakan gan ta a ɗakin malamai a lungu ita kaɗai, mu gaisa in wuce. A raina ina cewa, ai mata da yawa a nan, lalle wata ta ja ta a jiki. Ga ni da goyo, ga aji, ga girki na jirana a gida. Ashe kowace cikinmu abin da take faɗa wa ranta ke nan. Zango guda yarinyar nan ta yi, aka dawo hutu ba ta dawo ba. Sai daga baya muka ji dalili. Wata uku tana aiki ba ta karɓi ko kwabo ba, domin ba ta san cewa sai ta kai takardunta ofishin ilmi na ƙaramar hukuma an buɗe mata fayil ba kafin sunanta ya shiga takardar albashi. Ta zaci haka ake yi wa kowane sabo, kunya kuma ta hana ta tambaya. Kuɗin mota ma rance take yi, har mahaifinta ya gaji ya ce ta zauna gida. Maganar da ba ta fi ta minti biyar ba ita ta raba yarinyar nan da aikinta, ni kuwa da aka yi wa alheri irin wannan ina zaune taku biyar daga inda take. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina. Abin da aka bar wa kowa, ƙarshensa ba mai yi.

Saboda haka da aka ba ni shugabancin makaranta a 1995, doka ta farko da na kafa ita ce, duk sabuwar malama ko sabon malami, ran da ya zo ran nan za a haɗa shi da wani tsohon hannu, a kira sunansa a gaban kowa. Mata mukan ce mata yayar aiki. Na yi shekara 16 ina bin wannan tsari, ga kuma abin da na koya a ciki, ko zai amfani wata a cikinku.

Na fari, kada yayar aiki ta zama ita ce shugaba. Shugaba ita ke rubuta rahoto a kanki, ita ke da hannu a ƙarin girmanki, don haka ba ki iya buɗe mata cikinki ki ce ban iya kaza ba. Abin da sabuwa ke bukata shi ne wadda za ta yi wa tambayar wauta ba tare da fargaba ba. Na biyu, a zaɓi wadda ke irin aikin da sabuwar za ta yi. Malamar aji ɗaya ita ta san wuyar aji ɗaya. Na uku, a sa rana da lokaci. In aka ce ku riƙa haɗuwa in kun sami sarari, to, ba za a taɓa samun sararin ba. Mu Alhamis muka tsayar, bayan tashi, rabin sa'a, har zango guda. Na huɗu, a rage wa yayar wani abu daga cikin aikinta. Ni nakan ɗauke mata duban shara ko tsaron ƙofa na wannan zangon, domin in aka ɗora mata kaya a kan kaya, ƙanwar za ta zame mata nauyi, ita ma ƙanwar za ta gani a fuskarta. Na biyar, abin da aka faɗa tsakaninsu amana ne. Ran da sabuwa ta ji sirrinta a bakin wata a ɗakin malamai, ran nan ta rufe baki ke nan har abada.

Kada ku zaci kullum abin ke tafiya daidai. Na taɓa haɗa wata yarinya da wata tsohuwar malama, ashe na haɗa ta da wahala. Ta mai da ita 'yar aike, yau sayo mini kati, gobe duba mini littattafan ajina, jibi riƙe mini jariri. Wata kuma ta koya wa tata ƙanwar yadda ake sa hannu a littafin zuwa aiki a sulale kasuwa. Daga nan na gane cewa daɗewa a aiki dabam, iya riƙon mutum dabam. Sai na riƙa kiran sabuwar ni da ita bayan mako biyu in tambaye ta yadda suke, in na ga ba su jitu ba in sauya mata wata cikin hikima, ba tare da an kunyata kowa ba.

Da na ba jikata wannan labari, sai ta ce ai manyan kamfanonin duniya ma sun auna abin da awo. Ta karanta mini cewa a shekarar 2019 kamfanin Microsoft na Amurka ya bayyana sakamakon wani gwaji da ya yi da ma'aikata 600, inda aka haɗa sababbi da abokan aiki. Cikin waɗanda suka gana da abokin nasu aƙalla sau ɗaya a kwana 90 na farko, kashi 56 cikin 100 sun ce ya taimake su sun kama aiki da wuri. Waɗanda suka gana sau biyu zuwa uku, kashi 73. Sau huɗu zuwa takwas, kashi 86. Waɗanda suka wuce sau takwas kuwa, kashi 97. Na ƙirga da yatsa, na ga Alhamis ɗin zango guda ta wuce takwas, na ce Allah ya ji ƙan Yaya, ba ta san Amurka ba amma ta riga su. A Ingila kuma, a shekarar 2021 aka mai da lokacin renon sabon malami shekara biyu, a ba shi tsohon malami mai kula da shi, a kuma rage masa kashi 10 cikin 100 na lokacin shiga aji a shekarar fari, kashi 5 a ta biyu, don ya sami damar koyo.

Ni kam ban ga baƙon abu a nan ba, gama mu mata mun gaji wannan a ɗakunan iyayenmu. Wace amarya ake kaiwa gidan miji a juya a bar ta ita kaɗai ran nan? Ai sai an bar mata ƙawaye da 'yar zaman ɗaki, a kuma damƙa ta a hannun wata babba a gidan a ce ga amana. Ita za ta gaya mata surukinta ba ya son yaji, rijiyar nan ta sha ce waccan ta wanki, wance ita ake fara gaisarwa. Mai koyon kitso ma a gefen gwana take zama, haka mai koyon ungozomanci. Abin mamaki shi ne yadda muka san wannan sarai a gida, amma in muka je ofis sai mu manta.

To, ke 'yar makaranta, gobe ke ce sabuwar malama, ko nas, ko akawu. Ran da kika fara aiki, in an haɗa ki da wata, ki gode wa Allah ki riƙe ta da kyau. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta tambayoyinki, don kada ki dame ta sau goma a yini, kada kuma ki tambayi abu guda sau uku. In ba a haɗa ki da kowa ba, kada ki zauna a lungu kina jira. Ki yi kwana biyu kina lura, ki ga wadda ke zuwa da wuri, wadda ba a jin ta cikin gulma, ki same ta ita kaɗai ki ce, "Yaya, ni baƙuwa ce, ina so ki riƙa nuna mini hanya." Da wuya ki sami wadda za ta ƙi. Tun makon farko kuma ki tambayi maganar takardunki da albashinki, babu abin kunya a ciki, haƙƙinki ne. Matambayi ba ya ɓata.

Ke kuma da kika daɗe a aiki, in kin ga sabuwar fuska kada ki yi irin tawa ta 1988. Kada ki ce wata za ta yi. Ki matsa kusa, ki fara ba ta labarin kuskuren da ke kanki kika yi sa'ad da kike sabuwa, wannan shi ke kwance mata harshe. In kuwa ke ce shugaba, kada ki bar abin ga halin kirkin mutane kawai, ki mai da shi doka, ki kira suna, ki sa rana.

Ku kuma iyaye mata da ke gida, kuna da naku rabon. In 'yarku ko ƙanwarku ta fara aiki, kada tambayarku ta tsaya ga nawa ne albashi. Ku tambaye ta, wa ke nuna miki aiki? Da wa kike cin abinci? In ta yi shiru ta sunkuyar da kai, ku san akwai magana, ku lallashe ta ta faɗa. Da mahaifiyar yarinyar nan ta 1988 ta sami wanda ya gaya mata haka, watakila da yanzu 'yarta na cin fansho kamar ni. Haka nan in an kawo muku sabuwar amarya gidan, ko yarinya mai taya aiki, ku tuna ita ma ranar farkonta ke nan.

Jikata ta cika wata ukunta a makon jiya. Ta ce za ta sai wa yayar aikinta turmin atamfa, na ce ta kyauta, na kuma ƙara mata da turare daga wajena. Amma na gaya mata atamfa ba ta biyan wannan bashi. Ran da aka kawo wata sabuwa ofishinsu, ta tashi ta tarye ta tun daga bakin ƙofa, ranar ce ta fara biya.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka nuna mana hanya, ya ba mu ikon nuna wa na bayanmu, amin.